Shekarar da Ladi Ta Zama Baƙuwa a Ƙasar Haihuwarta

Duk wanda ya buɗe baki a kan tsarin tarayyar ƙasar nan, ko a rediyo ko a gindin bishiya, ɗaya daga cikin tatsuniya biyu yake maimaitawa. Wasu su ce Turawa ne suka ƙulla shi don su tafi su bar mu muna cizon juna. Wasu kuma, musamman masu littafin makaranta, su ce manyan ƙasa ne suka zauna cikin ƙauna suka ga hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Duka biyun ba haka ba ne, kuma na gaji da jin su. Ina nan aka yi shi, da wayona, har da karatuna na boko. Tsoro ne ya haife shi. Mu muna tsoron mutanen Kudu su cika kowane ofis tun da sun riga mu karatu, su suna tsoron yawanmu, ga shi ba mai ƙarfin halin cewa a raba gari kowa ya kama gabansa. Sai aka yi abin da 'yan'uwa kan yi idan noman gandu ya fara kawo tsegumi: kowa ya ja gonarsa da tukunyarsa, a bar rijiya ɗaya a tsakar gida. Wannan dabara ce, ban ce laifi ba ne. Amma ba a taɓa raba gona an rasa abin da ya faɗa kan iyaka ba, kuma masu surutun rediyo ba su taɓa tambayar abin da ya faɗa kan tamu ba. A gidanmu mutum ce ta faɗa.

Gidanmu yana bayan Bungudu, ta wajen da ake bi a tafi Kekun Waje. Yanzu idan na je, abin da kunnena ke fara ji babura ne da injin niƙa, da wayoyi masu kuka a aljihun kowa har mai kiwon awaki. A da kuwa da turmi gari yake tashi. Tun da jijjifi za ka ji lugude daga gidaje, kowace mace da irin tafinta tsakanin taɓarya da taɓarya, har kana kwance ka san wadda ta makara. Sai ƙarar guga a rijiya, sai kukan jakuna, sai can daga bakin titi usur ɗin heluma, shugaban leburori, yana tara su. Titin na jar ƙasa ne a lokacin, kowace damina ta cinye shi, kowane rani a sake cike shi, saboda haka akwai 'yan ɗakunan ma'aikatan hanya da muke kira bariki. Inna, mahaifiyata, ita ke kai musu tuwo da fura. Ni ban tashi da son aikin gida ba, kuma ban taɓa ɓoyewa ba. Idan aka ba ni surfe nakan gama kafin kowa, geron kuma ya fito rabinsa da dusa. Inna takan ce hanzarina ya riga hankalina fitowa daga ciki.

Babban ma'aikatan barikin wani mutumin Gabas ne, Kirista, dogo, mai keke da gajeren wando. Shi ke auna hanya yana nuna inda za a sa kwalbati. Matarsa ta haihu a barikin wata ranar Lahadi, lokacin ina da 'yan watanni a bayan Inna. Jini ya ɓalle mata, kafin a samu motar da za ta kai ta Gusau ta cika. Inna ta je kai tuwo ta tarar da mutum zaune a ƙasa da jaririya, yana ɗiga mata ruwan sukari da auduga. Ba ta jin yarensa, shi kuma Hausarsa ta ba leburori umurni ce kawai. Ta ajiye ƙwarya, ta kwance ni daga goyo ta miƙa masa, ta karɓi tasa ta sa a nono. Da ta dawo gida ta gaya wa Baba, ba a matsayin shawara ba, a matsayin labari. Baba ya je wurin liman. Liman ya ce rai ne, a shayar, amma a sani daga ranar ta zama 'yar gida, duk 'ya'yan Inna maza sun haramta gare ta. An yi mata suna a coci a Gusau, wani suna mai tsawo da ban taɓa jin Inna ta gwada faɗa ba. Mu Ladi muka sani. Ubanta ma ya koma Baban Ladi a bakin kowa, har leburorinsa.

Tare aka yaye mu, tare muka yi ƙyanda, tare muka koyi ɗaukar tulu. Ita kakkaura, ni kamar tsinken tsire, kuma ba ta gajiya da yi mini gori: "Ke kika tsaya gaugawa, ni na zamna na ƙoshi." Hausarta ta Zamfara ce tsantsa, ta fi tawa, don ni makaranta ta goge mini harshe. Ranar Lahadi ubanta ya zo da keke ya ɗauke ta zuwa coci, Inna ta wanke ta, ta shafe ta da man gyaɗa, ta ce ta yi wa kowa addu'a har da masu bashin fura. Da azumi kuwa ba mai tashinta, amma ita ke riga kowa zama gaban ƙwaryar sahur, ta ci ta ƙoshi, da hantsi kuma ta sake ci. Ba wanda ya taɓa ce mata ta yi salla, ba wanda ya taɓa ce mini in bi ta coci. Yanzu idan na ba jikokina wannan labari sai su dube ni kamar ina ƙara gishiri. Su sun tashi a zamanin da ake tambayar addinin mai shago kafin a sayi ashana.

Muna tasowa aka mayar da Baban Ladi Tsafe, kan hanyar Funtuwa. Ya sa ta makarantar mishan a Gusau, hutu kuma ta raba shi biyu, rabi wurinsa rabi wurinmu. Shi ne ya yi ta zarya wurin Baba har aka bar ni na shiga makarantar 'yan mata ta gwamnati, a lokacin da mutanen ƙauyenmu ke ɓoye 'ya'yansu a rumbu idan an zo ɗaukar 'yan makaranta. Nakan bi Ladi Tsafe wani hutun. Can ba turmi ke tashin mutum ba, gurnanin manyan motoci ne masu buhunan gyaɗa da auduga, da kiran mata masu ƙosai da dafaffiyar gyaɗa a bakin titi, duwatsu kuma suna tsaye a bayan gari suna mayar da kowace ƙara. Baban Ladi yakan kira mu 'yan biyunsa. Da la'asar ya zauna a kujerar katako ya karanta mana jarida da ƙarfi, yana tsayawa ya tambaye mu ma'anar kalma, wadda ta kasa ta je ta wanke masa keke. Ni ce mai wankin keke, ba don ban sani ba, don ina amsawa kafin ya gama tambaya.

Wani abu ya faru a shekarun nan wanda muka daɗe muna dariyarsa. Yayana ya dawo daga cin rani ya tarar Ladi ta zama budurwa. Sai ga shi yana wanka sau biyu a rana, yana zama bakin zaure daidai lokacin da take dawowa daga rijiya. Inna ta lura. Ba ta yi dogon zance ba, muciya ta jefa masa daga madafa. "Ɗan nema! Ƙanwarka ta! Nono guda kunka sha!" Ya je wurin liman da fatan samun sauƙi, ya dawo kansa a ƙasa. Ladi ta yi wata guda tana gaishe shi da "Yaya, ina wanka?"

Muna dab da gama makaranta aka fara maganar sabon tsarin mulki. Jihohin nan uku, Arewa da Gabas da Yamma, suna nan tun kafin lokacin, don a zamanin idan an ce Jiha, Arewa gaba ɗayanta ake nufi. Abin da ya sake shi ne kowacce an ba ta tukunyarta: gwamnatinta, kotunanta, ma'aikatanta, har hukumar da ke sayen gyaɗa da auduga. Aka bar wa Tarayya irin su soja da gidan waya. Gwamnatin Arewa kuma ta ce daga yanzu duk aikin da ɗan Arewa zai iya, shi za a ba. Ma'aikacin da ya fito daga wata Jiha ba a kore shi ba, amma an nuna masa ƙofa da ladabi: ko ya zauna ba gaba ba baya, ko ya koma Jiharsu ya ci gaba da aikinsa can. Na tuna wata la'asar Baban Ladi ya zo gidanmu, suna zaune da Baba a kan tabarma suna fasa goro.

Baba ya ce, "Baban Ladi, ba da kai nike ba, ka sani. Amma duba. Ni ka noma gyaɗa, naku ka auna ta. In tahi tasha, naku ka yanka tikiti. In tahi gidan waya, sai na cire takalmi gaban yaron da bai iya amsa gaisuwata ba. In Bature ya tahi haka, mi munka samu? Mun sake ubangida kawai."

Baban Ladi ya ce, "Gaskiya ne, Malam. Ni ma da gidana ne, haka zan faɗa."

"To ka gani. Kowa shi riƙe nashi. Gida biyu maganin gobara."

"Haka ne. Sai dai wanda yake kwana a tsakanin gidajen."

Baba ya yi dariya, don ya ɗauka wasa ne. Ni ma na yi. Ladi tana tankaɗe a gefe, ba ta yi ba.

Baban Ladi ya yanke zai koma Gabas bayan kaka. Ba zai bar budurwa a baya ba aiki ba karatu ba, kuma ba mai ganin laifinsa. Hanya ɗaya ce ta rage wa Ladi ta zauna. Gwamnatin Jiha na neman 'yan mata masu karatu da za a koya wa aikin unguwarzoma, da wurin kwana da abinci, a gama a ba mutum aiki a lardinsu. Ya ce idan ta samu wannan gurbi zai bar ta a hannun Inna. Muka zauna jarrabawar tare a Gusau, muka ci, ita a gabana. Da aka kira mu ganawa aka tambaye ta garin ubanta da yarensa. Ta faɗa. Aka ce ta yi haƙuri, gurbin na 'yan Jiha ne. Ni aka ce in shirya.

Da muka koma gida muka faɗa, Inna ba ta yi kuka ba, dariya ta yi. A ganinta kuskure ne irin na mutanen ofis da ba a ba cikakken labari ba. Washegari ta ɗaura zanenta na zuwa biki, ta sa mu gaba, muka hau bayan motar gyaɗa zuwa Gusau. Matar da ba ta taɓa taka ofis ba ta shiga kamar za ta karɓo akuyarta da ta ɓata. A ciki akwai wata Baturiya ma'aikaciyar asibiti, da wani malami mai furfura a gemu da tabarau, wanda daga ganin yadda ya amsa sallama ka san ya yi karatun zaure kafin na boko. Inna ta durƙusa ta gaishe shi, ta tambayi iyali, ta tambayi gajiya, ta tambayi ruwan bana, ba ta tsallake ko ɗaya ba, ni kuwa ina tsaye kamar a kan garwashi.

"Malam, an ce kun ce wagga yarinya ba ta nan ba ta. Na taho in ji da kunnena."

"Inna, ba mu muka ce ba. Sabuwar doka ce. Asalin uba ake dubawa."

"Uba shi ya haihe ta, ban musa ba. Wa ya raya ta? Bisa ƙirjin nan ta girma har yaye. Cibiyarta na bayan barikin Bungudu, ni na gina ramin da hannuna. Ɗana na cikina ya so ta, liman ya ce haram, ƙanwa ta. To dokar Allah ta ce ɗiyata ta. Taku ta hi ta Allah?"

Malamin ya juya ya fassara wa Baturiyar, na ji da kunnena bai rage komai ba. Ita ta sunkuyar da kai tana gyara takardun da ba su buƙatar gyara. Shi ya cire tabarau ya daɗe yana goge su da bakin riga. A raina na ce shi ke nan, Inna ta ɗaure shi.

"Inna, liman ya faɗi gaskiya, ladanki kuma yana wurin Allah, ba mai rage shi. Amma ki koma ki tambaye shi sauran karatun. Nono yana haramta aure, ba ya sa gado. Yau mai gidanki ya faɗi, Allah ya jinkirta, wannan yarinya ba ta da ko taki ɗaya a gonarsa. Gurbin nan kuwa, yadda aka tsara shi, gado ne na 'ya'yan Jiha."

Ban taɓa ganin an rufe wa Inna baki ba sai ranar. Ni ce na kasa haƙuri.

"To a ba ta nawa."

"Ba naki ba ne da za ki bayar."

"Ta fi ni ci, Malam!"

"Na sani. Ni na duba." Ya mayar da tabaransa ya dube ni, ba da fushi ba, da gajiya. "'Yata, idan na buɗe ƙofar nan yau, gobe layi ne har tasha, kuma duk sun fi ki ci, don kakanninsu ma sun yi makaranta. Ke ba za ki shiga ba, ƙannenki ma haka. Don ke aka yi dokar nan."

Da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi. Ladi ce ta dafa kafaɗar Inna ta ce, "Inna, tashi mu tahi, kar mota ta bar mu." Muna sauka Inna ba ta shiga gida ba, kai tsaye ta wuce ƙofar liman, tsoho tukuf a lokacin, ta tsaya daga waje ta tambaye shi. Ya ce haka karatun yake. Ta ce don me bai faɗa mata tun farko ba. Ya ce, "Da na hwaɗa miki, da ba ki ba ta nonon ba?" Ta ce da ta ba ta. Ya ce, "To."

Na yi aikin unguwarzoma daga baya har ƙarfina ya ƙare, kuma ba zan yi ƙarya ba: ba don dokar nan ba, da wuya 'yar manomi daga bayan Bungudu ta sa farar riga. Matan ƙauyukanmu da ba za su taɓa yarda baƙo ya duba su ba sun yarda da ni, don na san yadda ake gaishe su. Malamin bai yi ƙarya ba, Baba bai yi ƙarya ba. Abin da ya gajiyar da ni shi ne wuƙar da aka yanka ƙasa da ita ba a taɓa mayar da ita kube ba. Jihar Arewan da aka ce gadonmu ce an yanka ta, an sake yankawa, an kuma yankawa, kuma kowane yanka sai ya haifi sababbin baƙi. Yau ɗan Funtuwa baƙo ne a Tsafe idan maganar aiki ta taso, alhali a kasuwa ɗaya iyayensu suka ci goro. Na karɓi haihuwar yara a Gusau, na ga sun girma a Gusau, na ga an tura su neman shaidar asali a garuruwan da ba su san hanyarsu ba. A zamaninmu aƙalla mutum guda ya cire tabarau ya ji nauyin abin da zai faɗa. Yanzu ta taga ake miƙo maka amsa, ko fuskarka ba a duba ba.

Da kaka ta yi muka tafi Tsafe haɗa kaya, ni da Inna da Baba. Inna ta zo da abin da ya cika bayan jaki: ƙore sababbi, faifai, tukunyar miya, ludayi, daddawa, kuka, kuɓewa busasshiya, da gero surfaffe wanda ba ta bari na taɓa ba. Kayan da ake haɗa wa 'ya idan za ta bar gida ke nan, ba ta rage komai ba. Baban Ladi ya tsaya yana kallo, ya ce, "Inna, jirgin ƙasa ne za mu shiga, ba rumbu ba." Ta ce in jirgin ya iya ɗaukar gyaɗar Zamfara duka, ya iya ɗaukar tukunya guda. Ya shiga ɗaki ya daɗe bai fito ba.

Ladi tana zaune a bayan gida tana maimaita gaisuwar yaren ubanta, wadda ya rubuta mata, tana faɗa tana cije harshe. Na zauna kusa da ita. Ta ce, "Ke mai karatun taswira, can ana cin tuwo?" Na ce ban sani ba. Ta ce ubanta ya ce akwai gwaggonninta, mutanen kirki, amma rabonsa da su tun kafin a haife ta. "Nan an ce ni 'yar Gabas ta. Can ina buɗe baki za su ce ga Bahaushiya ta zo." Ta yi 'yar dariya, sannan ta ce abin da ke damunta ba wannan ba ne. Abin da ke damunta shi ne za ta sauka cikin mata, ba wadda ta san ta, ba wadda za ta ce wannan yarinya ga halinta, ga gidan da ta fito.

Ashe abin da ke cin Inna ke nan. Da aka gama ɗaure kaya ta zauna a kan buhu ta ce wa mazan, "Ɗiya ba ta barin gida ba rakiya." A wurinmu haka ne, ko aure ne ko riƙo, ko ƙauye na gaba za a kai yarinya. Dole mace daga gidansu ta bi ta, ta ga ɗakin da za ta kwana, ta sha ruwan gidan, ta tara matan gida ta damƙa musu amana baki da baki, ta kwana biyu, sannan ta dawo ta ba uwa labarin abin da idonta ya gani. Yarinyar da aka kai ba rakiya, ko ba a faɗa ba, an nuna ba ta da kowa. Baban Ladi ya ce ai shi ubanta ne, yana tare da ita. Inna ta ce namiji ba ya rakiya, namiji kai kaya yake yi. Ita da kanta ta so zuwa, amma ƙafarta ta kumbura tun damina, ko motar Gusau da ƙyar ta hau, balle tafiyar kwanaki a jirgi, ta Zariya, ta Kaduna, a haye babban kogi. Ta riga ta tambayi ƙannenta mata da matan 'yan'uwan Baba. Kowacce ta samo dalili, wata goyo, wata miji, wata ta ce gaskiya tsoro take ji.

Ba wanda ya dubi inda nake, kuma na san dalili. A makon da jirginsu zai tashi, a makon ne za a buɗe mana karatu, an kuma gaya mana wadda ba ta zo ranar farko ba an ba wata gurbinta. Baba ya yi gyaran murya ya yi magana yana kallon ƙasa. Ya ce a duk ƙasar Bungudu ni kaɗai aka ɗauka, mata na mutuwa wurin haihuwa kamar yadda uwar Ladi ta mutu, kuma ba a zubar da ruwan tulu don an ga hadari. Baban Ladi ya ce Baba ya yi gaskiya, shi bai yi ta zarya a kan kekensa don in tsaya a nan ba. Ladi ma ta leƙo ta ce, "Kar ki soma. Na san idon nan naki." Inna kuwa tana zaune tana sake ɗaure bakin ƙullin daddawa wanda ta riga ta ɗaure.

Duk abin da suka faɗa gaskiya ne, shekarar nan kowa gaskiya yake faɗa. Doka ta ce Ladi ba ta gado, na ji, ban iya kayar da ita ba. Amma doka ba ta ce a kai ta kamar buhun gyaɗa ba. Na ce wa Baba da safe zan shiga Gusau in gaya wa malamin da bakina cewa zan makara, in faɗa masa dalili. In ya riƙe mini gurbin, na gode. In ya bayar, in sake zama jarrabawa baɗi, ai ba guduwa Jihar za ta yi ba, tun da an ce tawa ce. Baba ya fara cewa wani abu, ban tsaya ji ba. Na juya wurin Baban Ladi.

"Baba, in ka je tasha, tikiti uku za ka yanka."